Ranar Da Aka Sace Injin Haq Nawaz

Muna fitowa daga sallar Juma'a muka ji ihun. Daga gidan Haq Nawaz yake tashi, kuma muryar matarsa ce. Ta dawo daga gonar auduga ta tarar da surukarta, Bhagan Bibi, kwance a kan gadon igiya a tsakar gida, jini ya jiƙa mata furfura, ba abin da ke motsi a jikinta sai ƙirji. Ƙofar ɗakin baƙi a wangale. Teburin da injin kwafi yake zama a kai babu komai, sai ƙyallen da ake lulluɓe shi da shi yashe a ƙasa.

Duk garinmu, Basti Mithanwali, ba wanda bai san injin nan ba. Haq Nawaz ya zo da shi daga Maskat, inda ya daɗe yana aikin akawu. Girmansa bai wuce akwatin tafiya ba, har da mariƙinsa. Ba sana'a yake yi da shi ba. Sai dai in wani ya matsu da kwafin katin shaida ko takardar makarantar yaro, maimakon ya sha wahalar mota zuwa Khanpur, sai ya zo. Haq Nawaz ya yaye ƙyallen a hankali kamar mai buɗe fuskar amarya, ya sa takarda ɗaya, murfin ya zame ya dawo da koren haske, kwafi ya fito da ɗumi kamar gurasa. Baƙin garin da yake ci daga Karachi ake kawo shi, shi ya sa ba ya ba da aro. Mutane da yawa sun roƙa, kowa da irin fushin da ya tafi da shi.

Aka sa tsohuwar a bayan tarakta, ɗanta ya rungume kanta, suka nufi asibiti. Ƙurarsu ba ta kwanta ba wata mata ta ce ta ga wani Od ya fito daga lungun da gudu.

Mutanen Od masu yawo ne da jakunansu, aikinsu haƙar ƙasa da ginin laka. A lokacin sun kafa bukkoki a bakin magudanar ruwa, suna yi wa mai garinmu, Malik Sarfaraz, katangar lambun mangwaro. Ba sa salla tare da mu, ba ma cin abinci tare da su. Kafin ka ce kwabo, kowa a wurin ya tuna wani abu nasa da ya ɓace tun zuwansu.

Malik ya ɗaga sanda. "Kada wanda ya motsa! Zahoor, hau babur ɗinka ka ɗauko min Jindwadda."

Ni ne Zahoor, mai gyaran babura. Jindwadda kuwa ƙanen mahaifin matata ne, mai bin sawu, wanda 'yan sanda daga gundumomi ke aiko masa da mota in ɓarayin shanu sun gagare su. Yana da gonaki da raƙuma, yana da girman kai daidai da su. Kowa Chacha yake ce masa, wato baffa. Gwiwa ce kawai ta ci amanarsa, shi ya sa na zama ƙafarsa.

* * *

"Garken awaki ne ya shiga nan ko mutane?" in ji Jindwadda da ya ga yadda aka tattake tsakar gidan. "Ku fita! Har kai, Dilawar. Ina takalminka kake yawo kamar kaza?"

Dilawar ɗan baffan Haq Nawaz ne, mutum mai baki kamar gangar biki. "An sace a ƙofar masallaci, Chacha. Garin nan ya lalace. Tunda waɗancan suka zo ko takalmi bai tsira ba."

Jama'a suka koma bakin ƙofa suna leƙe. Jindwadda ya durƙusa da ƙyar kusa da ƙofar ɗakin baƙi, inda jinin ya zuba. Ya daɗe yana kallo, ya hura ƙasa, ya zagaye wani sawu da tsinke.

"Wannan ƙafar ba ta taɓa sanin takalmi ba," ya ce. "Dubi yatsun a barbaje. Mai taka laka ne. Kuma a nan ta nutse. Kaya yake ɗauke da shi."

Da ni yake magana, amma da muryar da ya saba yi wa 'yan sanda bayani. Na bakin ƙofa suka ji. Na ji maganar tana tafiya baki zuwa baki har ƙarshen lungu: Jindwadda ya ce Od ne. Samari suka zabura, suka hau babura.

Da Malik bai bi su da mota ba, da a ranar an yi gawa. Ya tarar sun riga sun kama mutumin, wani mai suna Kewal, sun fasa masa leɓe, matarsa na kwance a kansa tana kare shi da jikinta. Malik ya ƙwace shi ya kulle a rumbun auduga. An birkice bukkokin kaf, ba a ga inji ba. Samarin suka ce ai sun binne shi ne, ba haƙa ne aikinsu ba? Suka rantse in har gobe bayan la'asar ba a fito da shi ba, za su cinna wa bukkokin wuta, kowa ya huta.

* * *

Rumbun zafi kamar tanda. Kewal na zaune a ƙasa, ya haɗa gwiwa da ƙirji. Jindwadda ya sa na miƙa masa ruwa.

"Me ya kai ka gidan?"

Ya laluba ƙugunsa ya fito da katin shaida a cikin leda. "Ɗan kwangilar hanya ya ce sai da kwafinsa zai ɗauke ni aiki in mun gama katanga. An ce mai gidan yana yi wa mutane. Ban tuna lokacin sallarku ba ne, Sain." Sain ɗin nan shi ne ranka ya daɗe a wajenmu.

"Sai ka shiga gidan mutane ba sallama."

"Na yi. Nishi na ji. Na leƙa na ga tsohuwa a ƙasa, kanta a kan dokin ƙofa, rana na dukanta. Na ɗauke ta na kai ta gado cikin inuwa. Na ɗiga mata ruwa a baki."

"To me ya sa ka gudu?"

Kewal ya buɗe tafukansa ya dube su. "Na ga jininta a hannuna. Ka gaya min, Sain, in an shigo an gan ni haka, wa zai tsaya ya tambaye ni?"

Jindwadda ya juya ya fita. Muka koma gidan Haq Nawaz. Wannan karon bai tsaya a sawu ɗaya ba, ya bi su a jere da rarrafe. Masu nauyin daga bakin ɗaki suka tashi, suka ƙare a gefen gado. Daga nan har waje kan yatsu ne kawai, sakayau, na mai gudu da hannu biyu a sake.

Ya zauna daɓas a ƙasa. "Tsohuwar ce kayan," ya ce. "Allah wadaran bakina."

Muka je muka gaya wa Malik. Ya saurara yana murza gashin baki. "Chacha, gaban jama'a ka faɗi ta farko. Magana zarar bunu ce. In na fita yanzu na ce ka sake shawara, cewa za su yi na saye ka don katangata. Kawo min wata ƙafar, ko inji."

* * *

A bayan ɗakin baƙi akwai gajeriyar katanga, bayanta gonar rake. Can ba wanda ya taka. Jindwadda ya sa na ɗaga shi ya haye, yana zagin gwiwarsa. Yana sauka ya ƙura wa ƙasa ido.

Sawun takalmi ne, babba, mai ƙarfe a dunduniya da faci a gefe ɗaya. Ya bi gefen raken ya miƙe. Ƙafar dama ta fi nutsewa. Ba mu yi nisa ba muka ga inda aka ajiye wani abu: 'yan ramuka huɗu a kusurwa huɗu, da ɗan baƙin gari kamar kwalli a gefe.

"Ga injin," in ji shi. "Ga kuma takalmin da na sani. Ni na raka mai shi wurin baduku aka yi facin nan."

"Na wa?"

"Dilawar."

Kowa ya san Dilawar da Haq Nawaz ba sa ga maciji tun rigimar rabon ruwan gona. Kuma shi ya fi kowa ihun a ƙona bukkoki.

Muka same shi a shagon shayi yana zuga samari. Jindwadda ya janye shi gefe.

"Ina ka tsaya a masallaci?"

"Sahun farko, bayan liman. Me ya faru?"

"Takalminka ya je gidan ɗan'uwanka ya dawo da kaya."

Dilawar ya yi tsalle. "Ni? Ni zan doki matar baffana? Matar da ta goye ni? Chacha, furfurarka kawai nake gani! Tambayi liman, tambayi Malik, kafaɗata na jikin tasa tun huɗuba har sallama!"

Muka tambaya. Haka ne.

Muka koma kan sawun, rana ta yi sanyi. Jindwadda ya riƙa tafiya yana gunaguni. "Ƙafar ba ta cika takalmin ba, tana iyo a ciki. Dubi yadda dunduniyar ke ja. Taku gajere. Ta hagu tana karkata waje. Ga shi ya sake ajiyewa. Ga kuma nan. Wannan bai saba ɗaukar ko buhun gari ba." Ya tofar da yawu. "Ya san ina garin nan, ya san na san takalmin kowa. Shi ya sa ya biya ta ƙofar masallaci."

Sawun ya kai mu titin bulo ya mutu. Takalman muka tsamo a cikin kwata. Titin nan hannu ɗaya tashar mota, ɗaya hannun injin niƙa da hubbaren waliyyi. Mai shayin tasha ya rantse ba wanda ya hau mota da akwati. Ramzan mai injin niƙa bai je masallaci ba, ya ce bel ɗin injin ne ya tsinke masa, kuma ya ƙi haɗa ido da mu. Muka bincike shagonsa har cikin buhuna. Abin da yake ɓoyewa kwalbar giya ce.

* * *

Da safe Jindwadda ya zo gidanmu, idonsa ja, bai taɓa gurasar da aka ajiye masa ba. Haq Nawaz ma ya iso daga asibiti ɗaukar kaya. Ya ce tsohuwar ba ta farfaɗo ba, likita ya ce sai addu'a. A hanyarsa ya ga samari na tara kananzir a bayan makaranta.

"Ni ba injin ne ya dame ni ba," ya ce. "Wanda ya taɓa uwata nake so a nuna min."

Matata Shamshad na gefen murhu tana juya wani abu a kwano, tana mita ita kaɗai. Baunar da muke kiwo muna tatsa ta kwana biyu ba ta ba da madara, shi ne ta yi sammako zuwa hubbare karɓo rubutun sha daga wurin Pir, shehin wurin.

"Ke kuma me ya same ki?" na ce. "Mutane na cikin tashin hankali kina kaɗa kwano."

"To malam mai hankali, zo ka kaɗa da kanka. Tun fitowar rana nake jiƙa rubutun nan ya ƙi saki. Na murza, na sa ruwan ɗumi, takardar har ta fara narkewa, rubutun na nan ƙyam. Da kuwa rubutun Pir Sain kana tsomawa ruwan zai yi baƙi. Ko baunar ce aka yi wa baki, ko ni."

Haq Nawaz ya ajiye kofin shayinsa. "Mu gani, 'yar'uwa."

Ya tsamo 'yar takardar, ya shafa ta da babban yatsa, ya ɗaga ta a rana.

"Wannan ba tawada ba ce. Garin injina ne. Zafi ke narkar da shi ya manne da takarda. Ko a kogi kika jefa shi ba zai fita ba."

Jindwadda ya juyo a hankali. "'Yata, wa ya miƙo miki?"

"Tanvir Shah. Ta taga. Ya ce Sain yana hutawa." Sai ta toshe bakinta da mayafi. "Wayyo ni. Chacha, don Allah kada ku sa sunana."

Pir Gulab Shah jikan waliyyin da ke kwance a hubbaren ne. Shi ya raɗa wa rabin garin suna. Ko Malik ba ya zama a gabansa sai ya ce zauna. Tanvir Shah kuwa ɗansa ne tilo, mai jiran gado. Ga taron shekara na hubbaren ya matso, wanda mutane ke zuwa daga nesa a manyan motoci. A garinmu ka nuna ɗan gidan nan da yatsa, sai ka shirya barin gari.

Haq Nawaz ya miƙe. "Yanzu zan je."

"Zauna," in ji Jindwadda. "In ka je kai kaɗai, kafin ka kai ƙofa injin ya faɗa rijiya, kai kuma ka zama wanda ya zagi gidan sharifai. Jiya na yi gaggawa, wani ya kwana a rumbu. Yau ba zan kira sunan kowa ba sai ƙasa ta kira shi." Ya dubi Shamshad. "Kina da tsohon rubutun Sain da ba ki sha ba?"

Ta ce akwai ɗaya a gwangwani tun bara.

* * *

Aka share filin ƙofar gidan Malik, aka yayyafa ruwa, aka baje ƙasa mai laushi kamar za a yi shuka. Gari duka ya fito, mata a kan soraye. Samarin na tsaye a baya da garwar kananzir ɗinsu, ba su ko ɓoye ta ba. Daga nesa matan Od sun yi cirko-cirko da 'ya'yansu a hannu.

Jindwadda ya roƙi Malik ya aika a ɗauko Pir Sain don ya sa wa zaman albarka. Aka kawo shi a keken doki, lulluɓe da farin mayafi duk da zafin, Tanvir Shah na riƙe da kafaɗarsa. Jama'a suka miƙe. Aka zaunar da shi a gado mai matashi.

"Ku ba ni aron garwar nan," in ji Jindwadda ga samarin. "Nauyinta ya yi daidai." Suka dubi juna, suka miƙo.

Ya ajiye takalman Dilawar a bakin filin. Ya ce duk wanda ya kira zai sa su, ya ɗauki garwar a hannun dama, ya ratsa.

Kewal aka fara fitowa da shi. Takalman suka zame masa kamar tarko, amma garwar kamar ba ya riƙe da komai, taku dogo, a miƙe. Jindwadda ya duba, ya girgiza kai. "Ba shi ba ne." Aka yi guna-guni. Dilawar ya ratsa yana huci, ƙafarsa ta cika takalmin dam. Ramzan ya ratsa, da wasu biyu da ba a gani a masallaci ba. Duk ya girgiza kai.

"Ka gama wasan, tsoho?" wani saurayi ya ɗaga murya. "A ba mu garwarmu!"

"Saura mutum ɗaya da ba a gani a sahu ba." Jindwadda ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban gadon Pir. "Sain, ina neman izini ɗanka ya taka."

Wurin ya kaure da hayaniya. Wasu na salati, wasu na zagi. Wani ya jefo ɓawon rake ya sami Jindwadda a kafaɗa. Malik ya taso fuska a murtuke. "Ka haukace ne? Ka san gidan da kake taɓawa?"

Tanvir Shah ya yi murmushi. "Ina jinyar mahaifina lokacin. Ni zan sa takalmin da aka tsamo a kwata?"

Pir bai dubi ɗansa ba. Idonsa na kan Jindwadda.

Jindwadda ya yi min alama. Na kawo kwanoni biyu da ruwa. Ya ɗaga takardu biyu. "Duka daga hubbare suka fito. Wannan ta bara, wannan ta safiyar yau. Da izininka, Sain." Pir ya ɗan sunkuyar da kai.

Ya tsoma ta bara. Nan take tawada ta tashi kamar hayaƙi, ruwan ya yi baƙi. Ya tsoma ta yau, ya juya, ya murza. Ruwan na nan garau. Ya zagaya da kwanon gaban dattawa ɗaya bayan ɗaya. Haq Nawaz ya faɗi abin da ya faɗa a gidana.

"Kawo nan," in ji Pir.

Aka riƙe masa takardar kusa da ido. Ya daɗe yana dubawa.

"Rubutuna ne," ya ce. "Amma ba na bana ba."

Sai ya zaro hannunsa na dama daga cikin mayafi. Mun daɗe ba mu ga hannun nan ba, ashe. Karkarwa yake kamar ganye, yatsun sun lanƙwashe. Ya ɗaga shi sama don na kan soraye ma su gani.

"Tun sanyin da ya wuce ban riƙe alƙalami ba. Na ce da yaron nan ya gaya wa mutane, wanda ya zo in yi masa addu'a da baki. Ya ce ya gaya musu." Ya juya. "Tanvir. Sa takalmin."

"Baba…"

"Sa."

Tanvir Shah ya zura ƙafa. Ya ɗauki garwar, kafaɗarsa ta rankwafa. Ya yi 'yan taku gajeru, dunduniya na ja, ƙafar hagu na karkata waje. Bai kai tsakiyar filin ba ya dire ta. Ba sai Jindwadda ya duba ba, amma ya je ya durƙusa ya duba, ya daɗe, sannan ya ce, "Shi ne."

Tanvir ya zube a wurin. Magana ta riƙa zubo masa. Tsofaffin rubutun da ya tara sun kusa ƙarewa. Taro ya matso. In aka ji hannun Pir ya mutu, jama'a za su koma wani hubbaren, tukunyar sadakar da ke ciyar da matalauta ta mutu, gidan ya mutu. Ya gwada kwaikwayon rubutun, bai iya ba. Ya roƙi Haq Nawaz aro, ya hana. Niyyarsa in taro ya watse ya mayar da injin. "Ban san tana gida ba. Ta riƙe min riga, ta kira sunana. Fizgewa kawai na yi, wallahi fizgewa kawai na yi."

"Ka ga ta faɗi?" in ji Jindwadda.

Tanvir ya sunkuyar da kai.

"Ka ga ta faɗi, ka bar ta a rana, ka ɗauki inji."

Haq Nawaz ya yi kansa. Sai da mu huɗu muka riƙe shi, har da Dilawar, wanda ke kuka yana cewa, "Bari, ɗan'uwa, bari."

Pir ya dubi Malik. "Injin na ɗakin ajiya, na tabbata. A ɗauko a ba mai shi. Ka aika a kira 'yan sanda. Duk wanda ya je roƙa masa sassauci a madadina, ban yafe masa ba." Ya nemi a kawo masa Kewal. Da aka kawo shi, tsohon ya yunƙura zai miƙe, ya kasa. Ya haɗa hannuwansa biyu, mai rawa da mai lafiya, ya ɗaga su gaban wannan Od ɗin yana neman gafara. Samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya waiwayi garwar.

* * *

Washegari bakin magudanar ruwa ba kowa, sai tokar murhu da kashin jakuna. Katangar Malik ta tsaya a rabi.

Bhagan Bibi ta farfaɗo bayan 'yan kwanaki, gefenta ɗaya a shanye, magana da ƙyar. Ba ta tambayi inji ba, ba ta tambayi Tanvir ba. Cewa ta yi akwai wanda ya ɗauke ta ya ba ta ruwa, yana ce mata Inna, Inna, kada ki mutu. Ta ce a kai masa curin mazarƙwaila da sabon mayafi don matarsa, a ce ya dawo ya ci abinci a gidanta.

Jindwadda ya ce shi zai kai. Muka bi sawun jakunan a babur, daga hanyar ƙasa zuwa hanyar ƙasa, har wani ƙauye can bakin hamada inda ake haƙa tafki. Muka tarar da Kewal cikin rami, laka har gwiwa. Leɓen ya warke, ya bar tabo.

Ya fito ya saurari saƙon. Ya karɓi mayafin da hannu biyu ya kai goshi. Mazarƙwailar ya fasa da bakin fartanya ya raba wa yara.

"Ta rayu kenan," ya ce. "Madalla."

"Malik ya ce ku dawo ku ƙarasa katanga," in ji Jindwadda. "Ba mai taɓa ku. Ni kuma na zo da kaina ne in ce maka ni na jawo. Na yi magana kafin in gama dubawa."

Kewal ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. "Sain, kai ka yi kuskure ka gyara. Su fa? Kafin ka iso sun riga sun san ni ne. Jira kawai suke wani ya faɗa." Ya nuna wata 'yar yarinya da ke laɓe bayan jaki tana tsotsar mazarƙwaila. "Tun ranar, in ta ji ƙarar babur sai ta ɓuya. Ku gaida Inna. Ku ce mata na ci, na ƙoshi."

Ya ɗauki fartanyarsa ya koma cikin ramin. Muka ɗan tsaya. Da na je tayar da babur, Jindwadda ya dafa min hannu.

"Tura shi," ya ce. "Sai mun yi nisa ka kunna."

Na tura, yana ɗingishi a gefena, har muka daina jin saran fartanya.